Musanyen Ruwan Jini da Haɗarin Raguwar Kalsiyam a Jikin Majinyaci

Jawabin da ɗaya daga cikin likitocinmu ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Lokacin da sakatare ya aiko mini da takardar gayyata, ya ba ni zaɓi in yi magana a kan zazzaɓin cizon sauro ko hawan jini. Na roƙi arziki a bar ni in ɗauki wani batu dabam, wanda na san da yawa daga cikinmu ba su taɓa jin sunansa ba. Dalilina shi ne, wannan ƙungiya takan haɗa kuɗi ta tura marasa lafiyarmu manyan asibitoci, wani lokaci har Masar ko Indiya. Mukan biya kuɗin jirgi da na gado da na magani, amma ba mu cika tura majinyaci da ilmin abin da za a yi masa ba. A cikin ayyukan da ake yi wa irin waɗannan majinyata akwai wanda ake kira musanyen ruwan jini, kuma yana tafe da wani haɗari wanda rigakafinsa ba shi da tsada, amma sakaci da shi yana iya kai mutum kushewa.

Bari in fara da jinin kansa. Idan aka zuba jini a kwalba aka hana shi daskarewa, aka bar shi ya kwanta, zai rabu gida biyu. Ƙwayoyin jini za su sauka ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa kuma ya taso sama. Wannan ruwa shi likitoci ke kira filasma, ni kuwa zan riƙa ce masa ruwan jini. Ya ɗan zarce rabin jinin mutum, kuma a jikin babban mutum yakan kai kimanin lita 3. A cikinsa ne sinadaran garkuwar jiki suke yawo, wato dakarun da Allah Ya tanadar mana domin yaƙar cuta. To, akwai cututtukan da waɗannan dakaru ke juya wa jiki baya, su afka wa jijiyoyin mai su ko ƙodarsa. Akwai cutar Gilan-Bare, wadda likitocin Faransa suka bayyana a shekarar 1916, inda shanyewa ke farawa daga ƙafafu ta riƙa hawa sama har ta kai ga numfashi. Akwai mayasteniya, wadda ke sa fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara. Akwai kuma wadda ake taƙaita sunanta da TTP, inda jini ke dunƙulewa a ƙananan jijiyoyi. Kafin a san maganinta, kusan mutum 9 cikin 10 da ta kama ba sa tashi. Wani bincike da aka yi a Kanada, aka buga a 1991, ya tabbatar da cewa musanyen ruwan jini ya fi ƙarin ruwan jini zalla amfani a kanta, kuma a yau mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin a kan kari suna rayuwa. Haka nan ana amfani da shi idan jiki ya tashi ƙin karɓar ƙodar da aka dasa, batun da ya shafe mu kai tsaye tun da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda a 2002.

Yadda ake aikin kuwa, ana jan jinin majinyaci ta robar da aka sa masa a jijiya, ya shiga wata na'ura mai juyawa da sauri, ta ware ruwan jinin ta zubar da shi a leda, sannan ta mayar masa da ƙwayoyin jininsa haɗe da wani ruwan da zai maye gurbin wanda aka cire. Zama ɗaya yakan ɗauki awa biyu zuwa uku. Idan aka musanya daidai yawan ruwan jinin da ke jikin mutum, ana fitar da kimanin kashi 63 cikin 100 na abin da ke cutar da shi, shi ya sa ake maimaitawa. Mai cutar Gilan-Bare yakan yi zama kamar biyar a cikin mako biyu.

To ina kalsiyam ya shigo? A nan nake so ku ba ni hankalinku.

Duk wanda ya taɓa yanka rago ya san jini ba ya jimawa a waje sai ya daskare. Da za a zuba shi a na'ura haka nan, da kafin a je ko'ina ya toshe robobin. Wannan matsala ce ta daɗe tana hana ƙarin jini ci gaba, ko bayan da Karl Landsteiner ya gano rukunan jini a 1901. Sai a shekarar 1914 wani likita a Beljiyam, Albert Hustin, da wani a Ajantina, Luis Agote, kowannensu ya nuna cewa idan aka zuba wa jini wani gishiri mai suna sitiret, ba zai daskare ba. A 1915 Richard Lewisohn a birnin Niyok ya gano gwargwadon da za a sa ba tare da ya cutar da mutum ba. Sitiret ɗin nan ɗan'uwan tsamin da ke cikin lemun tsami ne. Aikinsa shi ne ya kama kalsiyam ɗin da ke cikin jini ya riƙe, domin jini ba ya iya daskarewa sai da kalsiyam. Duk ledar jinin da kuka taɓa gani an rataye wa wani a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ko a asibitin Gwaram, akwai sitiret a cikinta, kuma da taimakonsa ne jini ke iya kwana har 35 a firiji.

Matsalar ita ce sitiret bai san bambanci tsakanin kalsiyam na cikin na'ura da na cikin mutum ba. Idan ya biyo jinin da ake mayarwa ya shiga jiki, zai ci gaba da aikin da ya saba. Jikin babban mutum yana ɗauke da kalsiyam kimanin kilo ɗaya, amma kashi 99 cikin 100 yana kulle a ƙashi da haƙora. Ɗan abin da ke yawo a jini ma, kusan rabinsa ne kawai yake sake yana aiki, sauran yana maƙale da wasu sinadarai, musamman albumin. Wannan ɗan rabin shi ke daidaita aikin jijiyoyi da motsin tsoka da bugun zuciya. Awonsa a jikin mai lafiya tsakanin 1.1 ne da 1.3 a ma'aunin da ɗakin gwaji ke amfani da shi, kun ga ke nan tazarar ba ta da faɗi. Hanta ce ke narkar da mafi yawan sitiret, ƙoda da tsoka suna taya ta, kuma lafiyayyar hanta tana gamawa da na leda ɗaya cikin 'yan mintoci. Amma idan yana shiga da saurin da ya fi ƙarfinta, sai kalsiyam mai aiki ya fara sauka.

Ruwan da ake mayarwa shi ma yana da nasa hannu a ciki. Idan albumin ne, ba ya zuwa da kalsiyam, kuma da ya shiga zai kama wani daga cikin na majinyacin. Idan kuwa ruwan jinin wasu mutane ne da aka daskarar, kamar yadda ya wajaba ga mai TTP, to kowace leda tana tafe da nata sitiret, ƙari a kan wanda na'ura ke zubawa. Waɗannan majinyata su suka fi shiga haɗari.

Alamar farko ba ta da ban tsoro, kuma wannan ne ya sa ake raina ta. Mutum zai ji leɓɓansa suna tsikari, ko yatsunsa sun yi irin abin nan da muke kira minjirya, kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata. Wani zai ji ɗanɗanon ƙarfe a bakinsa, wani tashin zuciya, wani kuma ya ji ƙirjinsa na rawa. Idan ba a yi komai ba, sai tsokoki su fara ɗaurewa, yatsun hannu su tattaru su sanƙare, maƙogwaro ya shaƙe, a ƙarshe bugun zuciya ya rikice. Tun a ƙarni na 19 likitoci biyu, Trousseau a Faransa da Chvostek a Ostiriya, suka bar mana hanyoyin gane wannan hali a gefen gado: a ɗaura abin awon jini a dantse a hura a ga ko yatsu za su tattaru, ko a ɗan ƙwanƙwasa kunci a gaban kunne a ga ko gefen baki zai motsa.

Zan ba ku labarin wani dattijo daga cikin mutanenmu, ba zan faɗi sunansa ko asibitin ba. Ana cikin zamansa na biyu, nas ta tambaye shi ko yana jin wani abu, ya ce alhamdulillahi, lafiya lau. Ta sake tambaya bayan ɗan lokaci, ya ba ta amsa iri ɗaya. Sai da ɗansa ya lura carbi ya faɗi daga hannunsa, yatsun sun ƙi buɗewa, sannan aka ankara. Aka tsayar da na'ura, aka ba shi kalsiyam ta jijiya, Allah Ya sa abin ya tsaya nan. Da na tambaye shi daga baya, ya ce ai tun da aka fara yake jin bakinsa ya mutu, amma ya ga bai kamata babba kamarsa ya dami yarinya da ƙorafi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Mu da muke tsaye a kansa ba mu zauna mun gaya masa da Hausa cewa wannan ɗan tsikarin shi ne abin da muke jira ya faɗa ba. An yi masa bayani da Turanci, ya gyaɗa kai saboda ladabi, muka ɗauka ya gane.

Mun taso an koya mana dauriya da kunya, kuma ba na cikin masu kushe wannan tarbiyya. Amma a kan gadon musanyen jini, dauriya ba ta da wuri. Wanda ya ce lafiya lau alhali bakinsa na tsikari, ya ɗauke wa likita fitilar da yake gani da ita.

Rigakafin yana farawa tun kafin a kunna na'ura. Ana auna kalsiyam mai aiki, ba jimillar kalsiyam kawai ba, domin jimillar tana iya nuna daidai alhali mai aikin ya sauka, tunda gwajin yana ƙirga har da wanda sitiret ya riƙe. Ana duba magnesiyam, saboda sitiret yana kama shi ma, kuma idan ya yi ƙasa, ƙarin kalsiyam ba ya zama. Ana duba lafiyar hanta da ƙoda. Wannan yana da muhimmanci a wajenmu, inda ciwon hanta nau'in B ya yawaita kuma da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba. Duk wanda ya san yana da shi, ko yana shan maganin fitar da fitsari ko na zuciya ko na hawan jini, ya faɗa tun farko, har da maganin gargajiya. Mai ƙaramin jiki, da mata, da yara, da tsofaffi, ana ƙara sa musu ido, domin jininsu kaɗan ne idan aka kwatanta da sitiret ɗin da zai shiga.

Idan an fara, asibitoci da yawa ba sa jiran alama ta bayyana. Suna ba majinyaci ƙwayar kalsiyam ya tauna, ko kuma su rataya masa kalsiyam a cikin ruwa ya riƙa ɗiga a hankali tun daga farkon aiki har ƙarshe. Wannan hanya ta biyu ita na fi gamsuwa da ita, musamman ga wanda ake mayar wa ruwan jinin wasu ko wanda ba ya cikin hayyacinsa, don shi ba zai iya cewa komai ba. Allurar da aka fi amfani da ita sunanta kalsiyam gulukonet, kuma 'yar kwalba mai mililita 10 tana ɗauke da kimanin miligiram 90 na kalsiyam. Akwai 'yar'uwarta kalsiyam kulorayid, wadda ta ninka ta ƙarfi sau uku, amma tana ƙona nama idan ta tsiyaye waje da jijiya, don haka sai ta babbar jijiya ake son ba da ita. Ba a tura ko wacce da sauri, saboda zuciya. Ba a kuma zuba kalsiyam a cikin ledar ruwan jini, domin zai warware aikin sitiret jinin ya dunƙule tun bai shiga jiki ba. Idan alama ta fito, abu na farko shi ne a rage gudun na'ura ko a dakatar da ita, a ba hanta sarari. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da mai jinya zai iya taimakawa da su. Na farko sanyi: jikin da ya yi sanyi ba ya narkar da sitiret da wuri, don haka a nemi bargo. Na biyu tsoro: wanda ya firgita yana haki, saurin numfashin nan yana canja yanayin jini ta yadda albumin zai ƙara kama kalsiyam. Ɗan'uwan da ya zauna kusa da shi yana kwantar masa da hankali, yana tuna masa ya ja numfashi a hankali, aikin magani yake yi.

Na san wani zai ce, likita, wannan na'ura ai sai a ɗaiɗaikun asibitoci a ƙasar nan, ina ruwan mutumin Sara ko Basirka ko Sundimina da ita? Amsata ita ce, haɗarin sitiret ya riga na'urar isowa garinmu. Matar da ta zubar da jini bayan haihuwa aka ƙara mata leda huɗu ko biyar a jere, tana fuskantar abu iri ɗaya, kuma nata ya fi muni, domin raguwar kalsiyam tana hana jinin tsayawa, tana kuma raunana zuciyar da ta riga ta gaji. Haka wanda aka ɗauko daga haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Haka mai sikila da ake musanya wa jini domin kare shi daga shanyewar ɓarin jiki.

Sai jarirai, waɗanda su ne suka fi tsaya mini a rai. Jaririn da shawara ta yi wa yawa har ana tsoron ta taɓa ƙwaƙwalwarsa, ana musanya masa jini ta cibiya, ninki biyu na jinin da ke jikinsa, wato kimanin mililita 160 a kowane kilo. Hantarsa ba ta gama ƙwari ba, kuma ba shi da bakin da zai ce leɓena na tsikari. Abin da za a gani shi ne kakkarwa, ko kuka mai kaifi, ko canjin bugun zuciya. Dole wani ya tsaya a kansa ba abin da yake yi sai kallonsa. An kuma yi gargaɗi tun 2007 cewa kada a haɗa wa jariri allurar seftirayazon da kalsiyam ta jijiya, domin suna haɗuwa su zama tsakuwa a huhu da ƙoda. Mafi alheri dai shi ne kada a kai ga musanyen. Jaririn da aka kawo da wuri, hasken fitila na musamman yakan wadatar da shi, hanyar da aka gano a Ingila a ƙarshen shekarun 1950. Iyayenmu mata, don Allah idan idon jariri ya yi ɗorawa a makon farko, kada a jira sai an yi suna. A kuma nisanta kayansa da kafur, kada a sa masa lalle, domin akwai yaran da aka haifa da wani rauni a jajayen ƙwayoyin jininsu, waɗannan abubuwa suna farfasa su.

A kan abinci ba zan tsawaita ba, kuma ba zan yaudare ku ba: ƙwaryar nono da safe ba za ta maye gurbin allura a ranar aiki ba. Sai dai wanda ya shiga da ajiya ya fi wanda ya shiga da hannu wofi. Binciken da Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, aka buga a 1999, ya nuna yaran da ƙafafunsu suka gwame suna samun kimanin miligiram 200 ne kawai na kalsiyam a rana, kuma kalsiyam ya fi bitamin D shi kaɗai gyara su. Babban mutum yana bukatar kusan 1000. Tuwon dawa da na masara ba su da shi sosai. Amma muna da nono da kindirmo, muna da kuka da zogale, da ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙayarsu, da riɗin da muke nomawa mu loda wa manyan motoci ba tare da mun bar wa yara ko mudu ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar a riƙa ba masu juna biyu ƙwayar kalsiyam a wuraren da abinci bai wadata da shi ba, domin rage haɗarin hawan jinin ciki da jijjiga.

Mai girma shugaba, ina da roƙo ga ƙungiya. Duk majinyacin da za mu tura waje, a haɗa shi da ɗaya daga cikin likitocinmu ko ma'aikatan jinyarmu ya yi masa bayani da harshen da ya sha a nono kafin ya tashi, kuma mai rakiyarsa ya zama wanda zai iya buɗe baki ya yi tambaya: an auna kalsiyam ɗinsa? Wane ruwa za a mayar masa? Idan ya ji tsikari wa zai gaya wa? Na biyu, kwamitin lafiya ya zauna da shugabannin asibitocinmu na Birnin Kudu da Gwaram ya ji daga bakinsu abin da ɗakin haihuwa da ɗakin jarirai suka fi bukata, ko allurar kalsiyam ce, ko fitilar shawara, ko na'urar auna kalsiyam mai aiki, maimakon mu sayo abin da muka ga dama daga birni mu kai musu. Na uku, mu buɗe rajistar masu ba da jini kyauta a cikinmu, kowa da rukunin jininsa da garin da yake zaune. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuma ina ganin ba abin da zai hana rassanmu na Kano da Kaduna da Abuja su fara da ita. Na kawo takardun rajistar, suna wajen sakatare a bakin ƙofa, kuma sunana ne na farko a kai.